James Naismith: marayan da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando cikin kwana 14

Yau ƙwallon kwando za mu taɓa. Da yawanmu a Gaya da Ajingi a waya muka san wasan nan: kana cikin zaga TikTok ko Facebook sai ga wani zanƙalelen mutum ya tashi sama kamar an harba shi, ya danna ƙwallo cikin raga, ya kama ƙarfen yana lilo. Ka danna masa alamar so, ka wuce. Gidajen kallonmu na Firimiya ne da Laliga, da wuya ka ga wanda zai biya kuɗi a Kademi ko Toranke don ya kalli NBA, balle ma lokacin da ake buga ta mu nan dare ya tsala. To amma wasan yana da wani abu da ƙwallon ƙafa ba ta da shi. Idan ka tambayi wanda ya ƙirƙiro ƙwallon ƙafa ba mai iya nuna maka mutum ɗaya, kamar dai yadda ba wanda zai ce ga wanda ya fara langa ko dambe. Ƙwallon kwando kuwa an san mai ita, an san garin, an san watan, har takardar da aka fara rubuta dokokinta tana nan a ajiye. Sunan mutumin James Naismith, kuma ya bar duniya tun 1939.

An haife shi ranar 6 ga Nuwamba, 1861, kusa da wani ƙaramin gari mai suna Almonte, a yankin da yau yake lardin Ontario na ƙasar Kanada. Iyayensa 'yan asalin Sikotlan ne, masu neman na kansu. A 1870 zazzaɓin taifod ya shiga gidan ya ɗauke uban, 'yan makonni a tsakani ya ɗauke uwar. James yana shekara tara, ga yayarsa Annie, ga ƙanensa Robert. Kakarsu ta wajen uwa ta karɓe su, ita ma ba ta daɗe ba rai ya yi halinsa, riƙo ya koma hannun kawunsu Peter Young, manomi a wajen ƙauyen Bennie's Corners. Duk wanda ya tashi a hannun kawu manomi ya san sauran labarin: aikin gona, saran itace, kula da dawaki, sannan a taka da ƙafa zuwa makaranta.

A ƙauyen nan yara suna da wani wasan jifa. Za a ɗora ƙaramin dutse a kan babba, a sa mutum ɗaya gadi, sauran su tsaya nesa suna jifa da duwatsunsu don su kayar da na saman. Idan ka yi kuskure sai ka je ɗauko dutsenka, mai gadi kuwa yana jiran ya kama ka. Yaran sun gano cewa wanda ya yi jifa da ƙarfi a miƙe, dutsensa nesa yake tafiya, ɗauko shi ya zama wahala. Mai wayo lulawa yake yi da dutsen sama a hankali ya sauko a kan wanda ake hari. Ku riƙe wannan, zai dawo bayan shekara ashirin.

Karatu bai shige shi ba da farko. Ya shiga sakandare a Almonte, bai je ko'ina ba ya watsar, ya bi masu saran katako daji. Shekaru ya yi a haka, in sanyi ya zo yana daji da gatari, in ya wuce yana gona. Sai da ya doshi shekara 20 sannan ya koma aji, ya zauna cikin yaran da ya girma nesa ba kusa ba, ya gama a 1883. A duk tarihinsa ni nan ne wurin da ya fi tsaya mini a rai. Muna da irinsu birjik, waɗanda suka ajiye littafi a aji uku suka tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas, kuma abin da ke hana yawancinsu komawa ba kuɗin makaranta ba ne kawai, har da kunyar zama benci ɗaya da ƙannen bayansu. Shi ya haɗiye wannan kunyar.

Daga nan sai Jami'ar McGill da ke Montreal. Can jikin da daji ya gina masa ya yi rana. Ya buga ƙwallon zari-ruga, ya buga lakros, wani wasa da ake yi da sanduna masu raga a baki, ya kuma yi fice a wasannin motsa jiki har ya ci lambobin yabo. Bayan digiri ya shiga kwalejin horar da limaman coci ta Presbyterian a garin, ya gama a 1890. Kowa ya ɗauka fasto zai zama. Amma wata rana a filin zari-ruga wani abokin wasansa ya fusata ya ɗura ashar, da ya waiwaya ya ga Naismith sai kunya ta kama shi ya ba shi haƙuri, alhali shi bai ce masa komai ba. Abin ya tsaya masa. Ya ga ashe a filin wasa ma ana iya gyara halin matashi, wataƙila ma fiye da a kan mumbari, tunda nan ne matasan suke. Sai ya bar hanyar limanci ya kama ta koyar da motsa jiki, danginsa kuwa ba su ji daɗin haka ba.

A 1890 ya tsallaka Amurka, garin Springfield na jihar Massachusetts, inda ƙungiyar samarin Kirista ta YMCA take da makarantar horar da ma'aikatanta. Ya yi shekara guda yana ɗalibi, aka riƙe shi malami. Shugaban sashensu wani likita ne, Luther Gulick.

Matsalar da ta haifi wasan ga ta. Hunturunsu ba irin namu ba ne da za ka sa rigar sanyi ka fita fili da hantsi. Dusar ƙanƙara ce take rufe filayen wasa wata da watanni, dole kowa ya koma cikin zaure. A makarantar akwai wani aji na mutum 18, ba yara ba, garada ne da suka saba guje-guje a waje, yanzu an kulle su ana sa su fareti da ɗaga hannu sama da ƙasa. Suka gundura, suka zama 'yan tawaye, malamai biyu suka gwada su suka gudu. A watan Disamba na 1891 Gulick ya miƙa wa Naismith ajin, ya ba shi kwana 14 ya zo da wasan da za a yi a cikin ɗaki, ya gajiyar da su, ya ba su nishaɗi, kuma kada a karya kowa.

Kusan duk kwanakin a asara suka tafi. Ya shigo da zari-ruga cikin zaure, ya hana kayar da mutum, ɗaliban suka ce ba daɗi. Ya shigo da ƙwallon ƙafa, tagogi suka sha kashi. Ya shigo da lakros, sanduna suka sauka a fuskoki da yatsu. Saura kwana ɗaya wa'adi ya cika bai da komai a hannu. Sai ya zauna a ofis ya daina kwaikwayo, ya shiga yi wa kansa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya.

Me yake kawo rauni a zari-ruga? Kayar da mutum. Me ya sa ake kayar da mutum? Saboda yana gudu da ƙwallo a hannu, ba yadda za a tsayar da shi sai an rungume shi. To idan aka hana gudu da ƙwallo, dalilin kayarwa ya tafi. Wanda ƙwallo ta zo hannunsa ya tsaya cak, ya jefa wa wani. Wannan ɗaya kenan. Na biyu, ina za a ci? Idan raga tana ƙasa a tsaye kamar ta ƙwallon ƙafa, mai ƙarfin jifa shi ne sarki, kuma masu tsaro za su taru a bakinta a yi ta turereniya. Nan wasan duwatsun ƙauyensu ya faɗo masa. A ɗaga wurin cin sama da kan kowa, a sa bakinsa yana kallon sama. Ka ga ƙarfi ya daina amfani, sai wanda ya iya lula ƙwallo ta sauko a hankali. Kuma ba wanda zai tsaya a gaban raga ya toshe ta da ƙirjinsa. Ya zaɓi babbar ƙwallo mai laushi, wato ta ƙwallon ƙafa, don ƙarama sai da sanda, sanda kuwa ya riga ya ga aikinta.

Da safe ya nemi mai kula da ginin, wani Stebbins, ya ce a samo masa akwatuna biyu. Babu akwati, sai wasu kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace a sito, kusan irin kwandon tumatirin da muke gani a kasuwa. Ya karɓa ya kafa su da ƙusa a jikin barandar da ta zagaye zauren, ɗaya nan ɗaya can. Tsayin barandar daga ƙasa ƙafa goma ne, wato mita 3.05. Ba lissafi aka yi ba, haka magini ya bar ta. Yau shekara fiye da 130, daga NBA har filin makarantar sakandare, a wannan tsayin ake rataye kwando. Ya rubuta dokoki 13, sakatariya ta buga su a tafireta shafi biyu, aka manna a allon sanarwa. Ranar 21 ga Disamba, 1891, aka raba ajin tara da tara aka jefa ƙwallo sama.

Kada ku ɗauka abin ya tafi sumul. Shi da kansa, a wata hira da aka yi da shi a rediyo a 1939, ya ba da labarin cewa gwajin farko dambe ya koma: idanu sun kumbura, kafaɗar wani ta goce, wani ma sumewa ya yi. Amma da aka tashi ɗaliban suka nace sai an sake, abin da ba su taɓa yi wa wani darasi ba. An ruwaito cewa ci ɗaya tak aka yi a wasan farko, wani William Chase ne ya jefa. Kuma da yake kwandon yana da gindi, duk lokacin da ƙwallo ta shiga sai an kawo tsani an hau an ciro ta. Daga baya aka huda gindin ana zunguro ta da sanda, sai can aka koma zoben ƙarfe da raga mai buɗaɗɗen ƙasa.

Dokokin nan 13, idan ka matse su, magana ɗaya suke yi: a raba wasa da mugunta. An yarda ka jefa ƙwallo ko ka mare ta ta kowace fuska da hannu ɗaya ko biyu, amma ban da dunƙulallen hannu. Ba gudu da ita. Ba bangaza, ba riƙo, ba turi, ba taɗiya, ba duka. Wanda ya yi laifi na biyu zai fita har sai an ci ƙwallo ta gaba, in kuwa da niyyar jin ciwo ya yi, ya fita kenan ba a maye gurbinsa. Ɓangaren da ya jera laifi uku ba tare da abokan karawa sun yi ko ɗaya ba, a rubuta wa abokan karawar ci guda. Wasa zango biyu ne, minti 15 kowanne, da hutun minti biyar.

Abin da zai ba ku mamaki, babu dirbilin a cikinsu, wato tafiya kana buga ƙwallo da ƙasa tana dawo maka hannu, abin da yau shi ne fuskar wasan. 'Yan wasa ne suka gano wannan kafa da kansu. Doka ta ce kada ka yi gudu riƙe da ƙwallo, ba ta ce kada ka sake ta ka sake kamawa ba. Sai mutum ya buga ta da ƙasa, ya taka, ya tare ta, kamar yana ba kansa fasin. Naismith ya ga dabarar ta yi masa kyau, aka bar ta, aka yi mata iyaka. Shi ya sa har yau in ka tsaya ka riƙe ƙwallo da hannu biyu ba ka da ikon sake fara dirbilin, sai jifa ko fasin. In kuma ka yi taku fiye da ƙa'ida da ita a hannu, alƙali ya busa ya ba abokan karawa. Abin da aka yarda maka shi ne ka kafe ƙafa ɗaya a ƙasa kamar turke, ka juya da ɗayar duk inda kake so.

Sauran gyare-gyaren ma kowanne wata matsala ce ta haife shi. Allon da ke bayan kwando an sa shi ne saboda 'yan kallo da ke zaune a baranda suna miƙo hannu su taimaki nasu ko su kaɗe ta abokan gaba. Yawan 'yan wasa ya sauko ya tsaya biyar da biyar. A 1950 wasu ƙungiyoyin NBA biyu, Fort Wayne Pistons da Minneapolis Lakers, suka tashi 19 da 18 saboda ɓangare ɗaya ya riƙe ƙwallo ya ƙi jefawa, 'yan kallo suna ta ihu. A 1954 aka kawo agogon daƙiƙa 24: in ƙwallo ta zo hannunku dole ku yi harin kwando kafin ya cika. Layin maki uku ya shiga NBA a 1979, hukumar duniya FIBA ta karɓe shi a 1984. A dokar FIBA ta yau fili mita 28 ne a tsayi, 15 a faɗi. Zango huɗu ake yi, minti goma-goma. Ci daga cikin layi maki biyu, daga bayan layin da ke nisan mita 6.75 maki uku, jifan da ake ba wanda aka yi wa keta kuwa maki ɗaya kowanne. Laifi biyar ka fita.

Ga mai son koyo, darasin duwatsun nan har yanzu shi ne na farko. Faɗin zoben santimita 45 ne, ƙwallon kuma wajen 24, saura kaɗan biyu su shiga tare. To me ya sa take wahalar shiga? Ɗauki bokiti ka ajiye, ka kalle shi daga sama, bakinsa a buɗe yake wangwam. Koma gefe ka durƙusa ka kalle shi, bakin ya zama siriri. Haka ƙwallo take ganin zobe. Wadda aka harba a miƙe siririn baki take tararwa, wadda aka lula ta sauko daga sama ita ke samun ƙofa a buɗe. Don haka ka buɗe ƙafafu daidai kafaɗa, ka ɗan rusuna, gwiwar hannunka tana ƙarƙashin ƙwallo, ƙwallon tana kan yatsu ba a tafin hannu ba. Ɗaya hannun tallafi kawai yake yi a gefe. Ƙarfin daga ƙafa yake tasowa, wuyan hannu ya ƙarasa, ka bar hannun a sama kamar mai laluben abu a saman durowa. A dirbilin kuma da yatsu ake tura ƙwallo, ba marin ta ake yi ba, kada ta wuce ƙugu, ido yana kan fili. Kuma a wahalar da hannun hagu tun da wuri, don mai hannu ɗaya minti biyu ya isa a gane shi. Tsaro da ƙafa ake yin sa, ka riga mutum isa inda zai bi. Mai kai hannu barkatai shi ke fara cika laifi biyar.

Mu koma kan mai wasan. Wani ɗalibinsa, Frank Mahan, ya kawo shawarar a sa wa wasan sunan Naismith. Ya yi dariya ya ƙi, aka tsaya a kan ƙwallo da kwando. Jaridar makarantar ta buga dokokin a watan Janairu na 1892, ɗalibai suka tafi hutu da wasan garuruwansu, ma'aikatan YMCA kuma suka tsallaka teku da shi, cikin 'yan shekaru ya isa Faransa da Sin da Indiya da Japan. A 1892 ɗin dai wata malama, Senda Berenson, ta fara koya wa 'yan mata a kwalejin Smith. Shi kuwa bai yi rajistar wasan a matsayin mallakarsa ba, bai kuma yi arziki da shi ba. An ce ma sau biyu kacal ya taɓa buga shi a rayuwarsa.

Ya auri Maude Sherman a 1894, suka haifi 'ya'ya biyar. Ya koma Denver yana aiki yana karatun likita, ya gama a 1898, yana da shekara 36. Mutumin da ya gudu daga sakandare kenan fa. A shekarar ya kama aiki a Jami'ar Kansas da ke garin Lawrence, inda ya yi kusan shekara 40. Shi ya kafa ƙungiyar ƙwallon kwandon jami'ar, ya horar da ita har 1907, ya ci wasa 55 aka ci shi 60. A duk masu horarwar da jami'ar ta yi, shi kaɗai ne aka fi cin sa fiye da yadda ya ci. Abin dariya ne, amma ya dace da shi, don shi a ganinsa wasan bugawa ake yi don lafiya da tarbiyya, ba abin da za a tsaya ana horar da mutane a kai ba ne. Haka ya gaya wa ɗalibinsa Phog Allen, shi kuwa Allen bai ji ba, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu horarwa a tarihi. Allen ya koyar da Dean Smith, Dean Smith kuma shi ya horar da Michael Jordan a Jami'ar North Carolina. Kun ga silsilar ba ta da tsawo: daga mai kwandon 'ya'yan itace zuwa Jordan, mutum biyu ne a tsakani.

Akwai wani ɗalibin nasa da ba a cika ambata ba. A shekarun 1930 wani baƙar fata, John McLendon, ya shiga jami'ar, lokacin da wariyar launin fata ta hana irinsa sa rigar ƙungiyar makaranta. Naismith, yana tsoho, ya ja shi a jiki ya koya masa wasan. McLendon ya fita ya zama koci, ya shahara da salon kai hari cikin sauri kafin abokan karawa su koma gida, ya ci gasar kwalejoji ta ƙasa sau uku a jere daga 1957 zuwa 1959 da wata jami'ar baƙaƙen fata ta jihar Tennessee.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya yi aiki da sojojin Amurka a Faransa ƙarƙashin YMCA, a 1925 kuma ya karɓi takardar zama ɗan Amurka. Babbar ranarsa ta zo a 1936, da aka sa ƙwallon kwando cikin wasannin Olamfik a Berlin ta Jamus. Ba shi da kuɗin jirgi. Masu horarwa na Amurka ne suka yi masa karo-karo, ana cire ɗan wani abu daga kuɗin tikitin wasanni. Matarsa ba ta da lafiya, shi kaɗai ya tafi. Yana da shekara 74 ya zauna ya ga ƙasashe 21, har da Masar daga Afirka, suna buga abin da ya haɗa don ya huta da fitinar aji ɗaya. A waje aka yi gasar, a filin ƙasa, ranar wasan ƙarshe kuma ruwa ya sauko filin ya zama taɓo, ƙwallo ta ƙi tashi. Amurka ta ci Kanada 19 da 8, ƙasar da ya zauna ta doke ƙasar da aka haife shi, shi ya miƙa lambobin.

Wasan ya iso mu, kuma ba a bakin ƙofa muka tsaya ba. Hakeem Olajuwon ɗan Legas gola ne a ƙwallon ƙafa, sai da ya kai wajen shekara 15 ya fara taɓa ƙwallon kwando, ya je ya ci kofin NBA a 1994 da 1995 da Houston Rockets, yana buga wasa da azumi a bakinsa in Ramadan ya zo. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a hannun koci Oliver Johnson na Jami'ar Ahmadu Bello ya koyi wasan, shi ne shugaban Toronto Raptors lokacin da suka kai kofin NBA ƙasar Naismith a karon farko a 2019. Nan gida Kano Pillars ba ƙwallon ƙafa kaɗai ba ce, tana da ƙungiyar kwando da ta ci gasar ƙasa sau da dama, ta kuma zo ta uku a Afirka a Alƙahira a 2016. D'Tigers sun ci kofin Afirka a 2015. Matanmu D'Tigress sun fi su ma, su ne ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas a Olamfik, a Paris a 2024. Tun 2017 kuma FIBA ta yarda mace ta buga da hijabinta.

To mu a gabashin Kano me ya rage? Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya ne suka je Dala neman tama tun kafin a yi birnin Kano. Garin da ke da wannan gado ba zai rasa mai lanƙwasa rodi ya fitar da zobe mai faɗin santimita 45 ba, kowane mai walda a bakin titi zai yi shi kafin la'asar. Sai falanki, sai turke mai ƙarfi, sai awo ɗaya da ba a wasa da shi, mita 3.05. Inda aikin yake shi ne ƙasa, don ƙwallo ba ta tashi a rairayi. In ba kuɗin siminti, daɓe mai kyau irin na iyayenmu mata zai ɗauki rani guda. Ba sai an yi cikakken fili ba ma: akwai salon uku da uku, kwando ɗaya da rabin fili, wanda shi ma ya shiga Olamfik tun gasar Tokyo. Filin ƙwallon ƙafa guda zai haɗiye filayen kwando fiye da goma, don haka ko makarantar 'yan mata mai katanga a Ajingi ko Balare tana da wurin da za ta sa shi a cikin gida. Kuma kada gajere ya ce ba da shi ake ba. Muggsy Bogues tsayinsa mita 1.60 ne, ya yi shekara 14 a NBA.

Bayan dawowarsa daga Berlin, Maude ta rasu a 1937, shi ma ya ajiye aiki a shekarar. Ya sake aure a watan Yuni na 1939. A watan Nuwamba jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, ya mutu ranar 28 ga wata a gidansa da ke Lawrence yana da shekara 78, shekara bakwai kafin a kafa gasar da ta zama NBA. Littafin da ya rubuta kan asalin wasan sai a 1941 ya fito. A Springfield akwai gidan karrama gwanayen wasan da ke ɗauke da sunansa, Olajuwon ya shiga cikinsa a 2008. Shafuka biyun nan da sakatariya ta buga kuwa suna hannun iyalinsa har watan Disamba na 2010, lokacin da aka yi gwanjonsu a New York. Wani tsohon ɗalibin Jami'ar Kansas, David Booth, ya saye su a kan dala miliyan 4.3, ya mayar da su Lawrence, suna can cikin gilashi a jami'ar.